Kundi, shafi da allo: yadda cibiyar na'ura ke tafiyar da ma'ajiyar alkawali

0. Gabatarwa

Malamin da ya tashi bayyana aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa da Hausa yakan ci karo da *mémoire virtuelle*, kuma sau da yawa sai ya fassara ta da «ma'ajiyar ƙarya». Fassarar tana ɓatar da ɗalibi, domin babu ƙarya a cikin al'amarin. A cikin wannan ƙasida za mu bi aikin daki-daki, mu nuna cewa abubuwa uku ne a ciki waɗanda dole kowane ya samu sunansa, sannan mu ba da kalmomin da mu ke ganin sun dace. Misalinmu mun ɗauko shi daga makarantar allo irin ta ƙauyukan Garagumsa, a yankin Takeita na jihar Damagaram, inda duk wanda ya tashi ya san bambancin littafin malam da allon almajiri.

1. Matsalar da asalinta

Na'ura tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ma'ajiyar aiki (*mémoire vive*), mai sauri amma ƙarama, wadda ke mance komi da zarar an kashe wuta. Akwai kuma faifai, mai faɗi, mai riƙe abin da aka ba shi, amma mai nawa. Manhaja ba ta iya aiki sai da abin da ke cikin ma'ajiyar aiki, ga shi kuma manhajoji da yawa ne ke neman wuri a lokaci guda.

An fara warware wannan matsala a jami'ar Mancesta ta Ingila, a na'urar Atlas wadda ƙungiyar Tom Kilburn ta ƙaddamar a 1962. Ma'ajiyar aikinta kalma 16,384 kawai ta ke ɗauka, amma an yanka bayanai gunduwa-gunduwa, kowace mai kalma 512, ana shigowa da wadda ake bukata, ana fitar da wadda aka gama da ita, ba tare da mai rubuta manhaja ya sa hannu ba. Wanda ke wannan kai-da-kawo a yau shi ne *noyau* na tsarin tafiyar da na'ura. Fassararsa ta kai tsaye ita ce «ƙwallo», kamar na mangwaro, sai dai kalmar na kai hankalin ɗalibi filin wasa. Shi ya sa mu ka zaɓi «cibiya».

2. Shafi da allo

Cibiya tana yi wa kowace manhaja alkawalin fili mai faɗi na adireshi, nata ita kaɗai. A injin Intel 80386, wanda ya fito a 1985, filin ya kai okte 4,294,967,296, an raba shi zuwa yanki 1,048,576, kowane mai okte 4096. Wannan yanki shi mu ke kira shafi (*page*). Ita ma ma'ajiyar aiki an raba ta gurbi-gurbi daidai girman shafi, kuma gurbin shi mu ke kira allo (*cadre de page*). Wayar hannu mai jiga 2, idan shafinta okte 4096 ne, allunanta 524,288 ne.

Shafi karatu ne, allo kuwa itacen da ake rubuta karatun a kai. Allo guda yana ɗaukar darasin yau, a wanke shi, gobe ya ɗauki wani. Abin da ke haɗa su shi ne jadawalin shafuka, wanda ke cewa shafi kaza na manhaja kaza yana kan allo kaza. Ga misali:

(1) Manhaja ta nemi adireshi 20,500. An raba shi da 4096, an samu 5, saura 20. Ke nan okte na 20 ne a shafi na 5. Idan jadawali ya ce shafi na 5 yana kan allo na 900, to can za a karanta.

Wani sashe na injin ne ke yin wannan lissafi, cibiya ita ce mai cika jadawalin. Tun da fili aka yi alkawalinsa, allo kuma sai an bukata ake bayarwa, mu ke ba da shawarar a kira *mémoire virtuelle* «ma'ajiyar alkawali».

3. Kundi

Jadawali ya san inda shafi ya ke yanzu, amma bai san inda ya fito ba. Wannan sani yana hannun abu na uku, *objet mémoire*. An fayyace shi sosai a cibiyar Mach, wadda Richard Rashid da abokan aikinsa su ka gina a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka daga 1985 zuwa 1994. Tsarin 4.4BSD ya gaji wannan sashe daga Mach, FreeBSD ya gaje shi daga nan, haka ma cibiyar da ke cikin na'urorin Apple daga Mach ta samo tushe. A Faransa, tsarin Chorus, wanda aka fara a cibiyar bincike ta INRIA, ya bi hanya mai kama da wannan da sunan *segment*.

Mun kira shi «kundi» saboda kama da littattafan malamanmu na hannu, waɗanda ba a ɗinke ba: ganyaye ne a jere cikin gafaka, ana iya zare ɗaya a bai wa ɗalibi, sauran na nan a ajiye. Kundi a cikin cibiya yana riƙe da abubuwa kamar haka:

(2) a. tsawonsa, wato shafi nawa ne a cikinsa;
b. jerin shafukansa da ke kan alluna a halin yanzu;
c. sunan mai kawo masa shafi (*pagineur*) idan an nemi wanda babu;
d. yawan manhajojin da ke amfani da shi.

Kundi iri biyu ne. Akwai mai asali, wanda ke tsaye a madadin wani fayil na kan faifai. Akwai marar asali, wanda manhaja ta nema domin lissafinta, shafukansa kuma su fara da sifiri zalla. Idan lambar da ke (2d) ta sauko sifiri, cibiya na iya kwashe allunansa ta bai wa wasu.

4. Giɓin shafi

Idan manhaja ta nemi adireshin da jadawali bai san allonsa ba, injin ya tsayar da ita ya kira cibiya. Faransanci na cewa *défaut de page*, kuma a nan ma fassarar «kuskure» ba ta yi ba, domin abu ne da aka shirya zai faru. Mun zaɓi «giɓin shafi». Cibiya ta fara duba ko adireshin na cikin filin da aka bai wa manhajar. In ba ya ciki, ta kashe ta. In yana ciki, ta gano kundin da ke bayansa. Wataƙila shafin na kan allo tuni, wata manhaja ce ta sa aka kawo shi, sai a gyara jadawali kawai. In babu shi, a samo allon da ba kowa, mai kawo shafi ya juyo shi daga faifai, sannan manhaja ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta ma san an tsayar da ita ba.

5. Juyi sai za a rubuta

Ɗalibai biyu na iya karatu a ganye ɗaya muddin karatu kawai su ke. Ranar da ɗaya ya so rubuta sharhi a gefe, sai ya juyi nasa, ya bar na asali yadda ya ke. Haka cibiya ke yi idan manhaja ta haifi wata: ba ta juyar dukan shafuka, sai dai ta sa musu alamar «a karanta kawai». Wadda ta yi yunƙurin rubutu, a juya mata wannan shafi guda (*copie sur écriture*).

A Mach, shafukan da aka juya suna shiga wani sabon kundi, kundin inuwa (*objet ombre*). In an nemi shafi, a fara dubawa a inuwa, in babu a sauka zuwa na ƙasa. Matsalar ita ce inuwa na iya hawa kan inuwa har sarƙar ta yi tsawo, dole cibiya ta riƙa haɗe su. Wannan wahala na cikin dalilan da su ka sa Charles Cranor ya rubuta wa NetBSD sabon tsari mai suna UVM a 1998, wanda ya yar da sarƙar inuwa.

6. Wanke allo

Idan alluna sun ƙare, sai an wanke wani. A nan misalinmu ya fi amfani. Allon da aka juyo daga littafi, ba a ƙara masa komi ba, ana wanke shi ba asara, tun da asalin na cikin gafaka. Allon da ɗalibi ya rubuta abin da babu shi a ko'ina kuwa, sai an juye shi a takarda tukuna. Na farko shi ne *page propre*, na biyu *page sale*. Mu mun fi son «shafi marar ƙari» da «shafi mai ƙari», domin ba dauɗa ba ce, sabon rubutu ne.

Wane allo za a wanke? László Bélády ya nuna a 1966 cewa mafi kyau shi ne wanda za a fi daɗewa ba a nema ba. Cibiya ba ta san gaibu ba, don haka ta kan yi kirdado da abin da ya wuce: FreeBSD na jera shafuka layi-layi, waɗanda ake taɓawa, waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba, da waɗanda ke jiran a juye su. Peter Denning kuma ya bayyana a 1968 cewa kowace manhaja na da tarin shafukan da ta ke bukata a lokaci guda. In alluna ba su kai wannan ba, na'ura ta wuni wanki da juyi, babu karatu.

Mai ƙaramar waya a kasuwar Takeita yana ganin sakamakon. Android, wanda ke kan cibiyar Linux, yakan zubar da shafuka marasa ƙari, ya matse masu ƙari a wani lungu na ma'ajiyar aiki, in abin ya ƙi ya rufe manhajar da aka bari a baya. Shi ya sa mutum kan koma kanta ya tarar ta faro daga farko.

7. Kammalawa

Misalin yana da iyaka: almajiri ya san lokacin da aka wanke allonsa, manhaja kuwa ba ta sani ba. Duk da haka ya ba mu kalmomi uku da ɗalibi ba zai gauraya ba: kundi mai asali, shafi mai karatu, allo mai ɗauka. Muna roƙon abokan aiki masu koyar da ilimin na'ura su jarraba su a aji, musamman «alkawali» da «giɓi», su sanar da mu inda ɗalibai su ka yi tuntuɓe, domin a gyara kafin a shigar da su cikin ƙamus.