Fitila Ta Kama, Mota Ta Ƙi Ja: Yadda Ake Binciken Nok Sensa A Rikkos

JOS: Duk direban da ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Jos ya san Hawan Kibo, domin a nan ne mota kan tona asirin kanta. Akwai wata cuta da ke damun masu Siyana da Kamri da sauran motocin Tokumbo a wannan hawa: sai ka ga fitilar cek ta kama, an taka totur har ƙasa amma mota tana jan jiki kamar wadda aka ɗaure wa dutse, ga shan mai ba kaɗan ba. Da an isa garejin Rikkos ko na Farin Gada aka jona na'urar bincike, sau da yawa lambar da kan fito ita ce P0325 ko P0330, watau akwai matsala a layin nok sensa.

Da farko dai ya kamata a warware wani ruɗani. A ƙasar nan in an ce inji ya yi nokin, ana nufin ya buga, sai an sauke shi. To, wannan ba shi ake magana ba. Abin da sensar ke saurara wata ƙara ce siririya, kamar tsakuwa cikin gwangwani, wadda kan tashi in ragowar mai da iska a cikin silinda suka fashe da kansu saboda zafi da matsi, tun kafin wutar da fulogi ya kunna ta iso gare su. In abin ya daɗe yana faruwa yakan cinye bakin fistin, ya karya ringi, daga nan kuwa bugawar ta gaske ba ta da nisa.

A zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kunnen bakanike ne ke wannan aiki. Zai juya distiributa a hankali, yana sauraro, har ƙarar ta ɗauke. Motocin yanzu kuwa an ɗaure musu kunne a jikin bulon inji. Wani ɗan ƙarfe ne mai wani irin dutse a ciki wanda kan ba da 'yar wuta in ya girgiza. Kwamfutar mota na karɓar wannan wuta, da ta ji alamar fashewar sai ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. In kuwa ta daina jin komai daga gare shi, sai ta ɗauki matakin tsira, ta ja tartsatsin baya sosai ta bar shi can. Wannan shi ne dalilin nauyin mota da shan mai. A wasu Toyota da Lexus masu silinda shida har giya ta ƙarshe kan ƙi shiga, kuma an sha sauke giyabos mai lafiya saboda haka.

Inda kuɗin jama'a ke salwanta shi ne wajen karanta lambar. Ba ta ce sensa ya mutu ba, cewa ta yi layin na da matsala, layin kuwa ya haɗa da sensar, da soket, da waya, har zuwa bakin kwamfuta. Bakaniken gaggawa zai tura yaro Dilimi ya sayo wani, a ɗaura, a goge lamba, mai mota ya biya ya tafi. Kafin ya kai Akwanga fitila ta dawo. A tsofaffin Toyota ma kwamfutar ba ta yanke hukunci kan sensar sai an taka inji, don haka mutuwar fitila a cikin gareji ba shaida ba ce.

Mai wayarin da ya san aikinsa daga waya yake farawa, don ita ce mai araha kuma ita ta fi lalacewa. A injin 1MZ na Siyana da Kamri da RX300, sensa biyu ne, suna zaune a kwarin da ke tsakanin layukan silinda, ƙarƙashin manifol, inda zafi ke gasa wayar shekara da shekaru har robarta ta bushe ta dinga marmashewa. Akwai kuma wani tiyon ruwa da ya bi ta nan, in ya tsufa yana ɗiga. Ga ɓera, wanda sanyin Jos kan kora cikin inji mai ɗumi da dare, ya yi ta gaigayar waya. Ga kuma masu wankin mota da ke feshe inji da ruwa mai ƙarfi, ruwan ya kwanta cikin soket ya yi tsatsa. Shi ya sa akan zare soket a duba tsatsa, a sa mita a auna ko waya ta tsinke tsakanin sensa da kwamfuta, ko ta goge tana taɓa bodi.

Sai waya ta fita zargi ake komawa kan sensar. Iri biyu ne, kuma ba a auna su da mudu ɗaya. Tsohon yayi mai waya ɗaya, bai kamata mita ta nuna haɗi tsakanin bakinsa da jikinsa ba. Sabon yayi na Toyota, mai faɗi da rami a tsakiya, in lafiyarsa lau yakan nuna tsakanin kilo-om 120 da 280. Wanda bai san wannan bambanci ba zai jefar da mai kyau. Akan kuma juya mita zuwa awon ƙaramar wutar AC, a ɗan ƙwanƙwasa ƙarfe kusa da shi da sifana, in allura ko lamba ta motsa, to yana ji. Wajen ɗauri ma da ƙa'ida: mai faɗin nan nauyin ɗaurinsa 20 ne a ma'aunin Nm, in ya yi sako-sako ba ya ji sosai, in an matse da ƙarfin tsiya yana iya tsagewa. Tun da kuwa sai an ɗaga manifol kafin a kai gare su, hankali shi ne a sauya gajeriyar wayar da tiyon da fakin gaba ɗaya, kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Akwai dabarun da wasu ke yi waɗanda ba su dace ba. Wani ya cire ƙwan fitilar cek, wani ya haɗa wayoyi biyu kan sensa ɗaya, wani ya ɗaure shi can wani wuri inda ba ya jin komai. Fitila ta mutu, mai mota ya yi murna, alhali kuwa an toshe wa inji kunne.

Wannan ya fi shafar mazauna kudu. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100, ga sanyi. Saboda haka matsi a cikin silinda bai kai na ƙasa ba, kuma fashewar nan ba ta cika tashi ba. Motar da aka yi wa wayon waya a Rikkos za ta iya yin shiru a Filato, amma da ta gangara da lodin dankali da kabeji zuwa Mile 12, ta shiga zafi da cunkoson Ikko, nan ne za ta buƙaci kunnen da aka toshe. Ga kuma batun mai, ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, balle na bumburutu da ake saye a galan a bakin hanya.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motar da ke yawo da wannan lamba kullum tana cin aljihun mai ita. Direban da ke Agege ko Sabon Badun, kafin ya nufi Ladipo sayen sensa, ya nemi a rubuta masa lambar da na'ura ta nuna, a auna wayar a gabansa, in an gama aiki kuma a fita da motar kan titi a taka ta da kyau kafin ya biya.