Tarakta da Amalanke a Titin Mota: Yadda Lamarin Yake a Birnin Zazzau

A ƙasashe irin su Amurka da Kanada, majalisun ƙananan hukumomi sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a bar ababen hawan da aka ƙera domin jeji da gona su hau titin jama'a, musamman wani irin babur mai ƙafa huɗu da manoma da masu yawon shaƙatawa suke hawa. Masu goyon baya suna kafa hujja da cewa manomi ba shi da yadda zai isa gonarsa ta biyu sai ya bi titi, alhali kamfanonin da suke ƙera babur ɗin su da kansu suna gargaɗin kada a hau kwalta da shi, saboda tayoyinsa masu taushi an yi su ne domin yashi da taɓo, kuma a yawancinsu ƙafafun baya biyu suna juyawa da gudu ɗaya, abin da yake sa shi kifewa idan aka sha kwana da sauri. A Zariya ba a cika ganin irin wannan babur ba, amma matsalar tana nan a wata siga, domin tarakta da amalanken shanu da kura da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya duk suna kan titi tuntuni, ba tare da sun jira izinin kowa ba.

Dalilin haka yana cikin yadda birnin ya ginu. Birnin Zazzau gari ne na malamai da masu sana'a, amma kuma gari ne na manoma waɗanda gidajensu suke cikin ganuwa, gonakinsu kuwa suna bayanta, wasu a fadamar Galma, wasu wajen Kufena, wasu can hanyar Dakace. Tun zamanin jakuna, taki yake fita ta Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Kuyambana kafin faɗuwar damina, dawa da masara da kara su shigo da kaka. Noma da shanu ya yaɗu ne a zamanin Turawa, a shekarun da aka kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922 da gonar dabbobi ta Shika a 1928, kuma bijimin da ya ja garma da damina shi ne yake jan amalanke da rani. Ke nan waɗannan hanyoyi na manoma ne tun kafin a zuba musu kwalta, mota ce ta same su a kai.

A cikin ganuwa hatsarin bai kai na waje ba, domin ƙuncin lunguna da cunkoson kasuwa suna tilasta wa kowa tafiyar hawainiya, kuma idan an yi karo yawanci da ƙujewa da cacar baki ake rabuwa. Abin tsoron yana farawa ne da zarar an fita ƙofa aka hau hanyar Jos, ko ta Funtuwa, ko babban titin Kaduna zuwa Kano, inda tazarar gudu tsakanin masu tafiya take da faɗi ƙwarai. Tarakta mai jan bodi cike da buhuna ba ta cika wuce kilomita 25 a awa ba, motar haya kuwa tana iya zuwa da kilomita 100. Idan direban motar ya hango ta a nisan mita 100, abin da ya rage masa kafin ya cim mata bai kai daƙiƙa 5 ba, a ciki ne zai gane abin da yake gabansa, ya taka birki, motar kuma ta tsaya. Amalanken shanu ya fi haka muni, tunda a lissafin mai mota kusan a tsaye yake.

Ita kanta tarakta ba a ƙera ta da titi a zuciya ba. Birkinta feda biyu ne, ɗaya na ƙafar dama ɗaya na hagu, domin direba ya iya juyawa a ƙarshen kunya cikin ɗan fili, kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ake haɗe su da shi kafin a hau titi. Wanda ya manta ya taka ɗaya kawai da gudu, sai ta fizge gefe guda. Bodin da take ja sau da yawa ƙirar masu walda ce, ba birki ba danja, wato jar fitilar baya, ga leburori zaune a kan kaya da kan murfin tayoyi. Lokacin da wannan kaya ya fi yawa a hanya, daga kaka zuwa hunturu, shi ne kuma lokacin hazo, kuma manomi ba ya baro gona sai gab da magariba.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ware rukunin lasisi na musamman, mai harafin F, domin tarakta da injunan noma, ƙa'idojin hanya na 2012 kuma sun wajabta rajista da fitilu ga abin hawa mai inji, sannan Jihar Kaduna tana da tata hukumar, KASTLEA. Sai dai tarihin tilasta irin waɗannan dokoki bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Da aka wajabta hular kwano a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa a garuruwan Arewa sun kifa ƙwarya a ka, kuma da Kano ta hana acaɓa a 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku na haya, ce ta cike gurbin. Hana tarakta ko amalanke hawa titi gaba ɗaya zai fi waɗannan wuya, tunda babu wata hanyar da za su bi.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a sa a riƙa ganinsu daga nesa. A farkon shekarun 1960 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka fito da wata alama mai kusurwa uku, tsakiyarta ruwan lemo, gefenta ja mai ƙyalli idan fitila ta haske shi, wadda ake maƙala wa bayan duk abin hawan da gudunsa bai wuce kilomita 40 a awa ba. Irin wannan leda mai ƙyalli ana liƙa ta a jikin tireloli a Najeriya, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin bijimi ɗaya, kuma masu unguwanni da dagatai sun fi jami'in hanya sanin mai amalanke a kowane gida.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan masu tsara hanya. Titin Abuja zuwa Kano, wanda aka fara sake gina shi a 2018, tagwaye ne masu shinge a tsakiya, wuraren juyawa kuma suna da nisa da juna. Manomin da gonarsa take tsallaken titi, idan aka ce sai ya yi tafiyar kilomitoci da shanu kafin ya sami mahaɗa, zai zaɓi bin hannun da ba nasa ba, ya fuskanci motocin da suke tahowa. Maganin wannan shi ne 'yar hanyar burji a gefen kwalta da mashiga ta ƙarƙashin titi a daidai ƙauyukan da suke da gonaki a ɓangarorin biyu, kuma an fi samun sauƙin sanya su tun aikin yana kan takarda.