Injin Daddatsa Rassa Na Hannu: A Saya Ko A Dakata?

'Yan'uwa manoma, kwanan baya 'yan wata ƙungiyarmu ta wajen Yasore suka tare ni da wata shawara. Samarinsu sukan yi aikin rage rassan dogon yaro a gidaje da makarantu kafin iskar farkon damina. Sai wani dillali ya nuna musu hoton tsohon inji mai daddatsa rassa, ya ce daga Turai aka kawo shi, za a ba su a rabin kuɗin sabo. Abin da ke hannun ma'aji ba zai kai ba, sai an haɗa da adashin mata. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna a nan, gama kuɗin nan gumin mutane da yawa ne.

Ga yadda injin yake. A cikinsa akwai faifai ko ganga mai nauyi, an ɗaura mata wuƙaƙe, tana juyawa da sauri. In aka tura reshe ta baki, sai ya fito ta bututu gutsi-gutsi. Ƙanana masu ƙarfin doki 6 ko 7 ba su cika cin reshen da ya wuce inci 3 ba. Manyan kuwa da mota ake jan su.

To, me ya sa aka ƙera shi? A biranen Amurka da Ingila, wanda ya rage wa itace rassa tilas ya kwashe su, sau da yawa har biya yake yi kafin a yarda ya zubar. Injin yana rage masa yawan lodi. Watau a can reshe shara ne. A Batsari fa? Reshe mai kaurin hannu icen girki ne, kafin ya taɓa ƙasa an yi cinikinsa. Miƙaƙƙe ya tafi rumfa ko danga. Ƙirare ma yara sun tsince. Wanda ya zuba wannan a inji ya ƙona mai domin ya lalata abin sayarwa. Na tambayi samarin, wa zai sayi gutsattsarin? Aka yi shiru. Can wani dattijo ya ce ko akuyarsa ba ta cin katako.

Ba na ce ba su da amfani ba. In an shimfiɗa su a gindin mangwaro ko a lambu, suna riƙe laima, suna hana ciyawa. A kan fako kuma sukan jawo gara, ita kuwa ta huda ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga. Amma kada a binne su ɗanye cikin kunya, gama yayin ruɓewa sukan riƙe abincin shuka na ɗan lokaci, masara ta yi rawaya. Sai dai wannan amfani ganye da ƙirare ma suna yin sa ba da inji ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Maradi. Tun 1983 Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara ƙarfafa manoma su bar tohon kututture a gona, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Shi ne ake kira sassaben zamani. Itatuwa miliyoyi suka dawo a Nijar, da wuƙa da gatari kawai.

Abin da muke da shi jingim, wanda kuma yake neman inji, kara ne. In aka zuba wa shanu karan dawa ko na gero yadda yake, sai su ci ganyen da kai, su tattake sauran. In an niƙa shi, aka gauraya da dusa, da harawa, da 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa, ba abin da zai saura a kwano. Masu kiwon turke kuwa suna biya a niƙa musu, tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Injin wannan aiki daban ne. Guduma gare shi da rariya, ba wuƙa kaɗai ba, kuma maƙeranmu na Kano da Katsina suna haɗa shi. Abin da aka haɗa a Kano, mai walda na kusa zai iya gyarawa. Na Turai in wuƙa ɗaya ta tsage, ina za a sami irinta?

Ko wanne kuka zaɓa, in na hannu ne kada ku saya da hoto. Ku tafi mutum uku, da makanikin da ku kuka ɗauko, ba na dillali ba. Ku isa da sassafe, ku ɗora hannu a kan injin. In kun ji ɗumi, an riga an tayar da shi domin kada ku ga wahalar tashinsa. A tayar a gabanku. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana shan baƙin mai, ringi ya gaji. A kashe, a buɗe murfi, a girgiza faifan da hannu. In yana motsi gefe da gefe, boris ya ci. Ku duba ko an taɓa yi wa faifan walda. Jikin inji ana iya liƙewa, amma faifan da aka liƙe ba ya juyawa daidai, ranar da ya tarwatse kuwa ba a fatan kowa yana tsaye kusa. Sabon fenti kada ya ruɗe ku.

Sa'an nan ku je da kayanku, dami biyar na kara ko rassan da kuke nufi. A auna mai lita 1 a zuba, a yi aiki har ya ƙare, ku ƙidaya buhun da ya fito. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan lissafi shi ne uban duka. Ku ɗora ladan mai aiki, da belti, da baƙin mai, da wasa wuƙa, domin karanmu yashi gare shi, yashi kuwa shi ke dakushe ƙarfe. Abin da ya rage a kowane buhu, ku raba kuɗin injin da shi. Nan za ku ga buhu nawa za a niƙa kafin mata su ga adashinsu. Mai inji da ya ƙi a yi gwaji ya riga ya gaya muku halin injinsa.

Akwai kuma zancen da ya shafe mu mu da muke gefen dajin Rugu. Ina injin zai kwana? Abin da ba ya hawa amalanke ko bayan babur mai ƙafa uku nauyi ne a wuyanmu. A karɓi rasit da shaidu, a san mai shi na farko, kada mu sayi kayan sata ba mu sani ba. Mai tura kara kuma kada ya sa babbar riga ko rawani mai jela. Da sanda ake turawa, ba da hannu ba. Yara su tsaya nesa.

Shawarar da na ba 'yan'uwan ita ce su bar injin rassan nan. Ranin nan su yi hayar injin kara na mako biyu, magatakarda ya rubuta buhu da mai da abin da aka karɓa kowace rana. Sun yarda, ko da yake samarin ba su ji daɗi ba. Mun sa ranar duba littafin bayan Ista.