Tsohon maus mai koren kai ya ƙi aiki a kwamfutar tebur? Kada ka jefar da shi tukuna

Wannan ƙarin bayani ne a kan bidiyonmu na tsofaffin kwamfutocin tebur, game da linzamin kwamfuta, wato maus, mai kai zagaye da ake kira PS/2. Ka cusa shi a bayan kwamfuta, kibiya ta tsaya cak a tsakiyar allo, ka jijjiga ka jijjiga, shiru. A nan ne yawancin mutane ke yanke hukuncin cewa ya mutu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Kamfanin IBM ne ya fito da wannan mashiga a 1987, kuma har yau ba ta ɓace ba. A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai kwamfutar da ke sarrafa wata na'urar awo, an toshe mata USB gaba ɗaya saboda tsaro, da PS/2 kaɗai ake taɓa ta. Haka ma wanda ya taɓa ɗora Windows 7 a kan sabuwar madabod ya san yadda maus na USB ke sumewa ana tsakiyar aiki, don Windows 7 bai zo da direban USB 3 ba. PS/2 ne ke fitar da mutum a ranar.

Babban abin da za ka riƙe shi ne, PS/2 ba USB ba ne. USB kana cusawa kwamfuta ta ji an shigo. Shi kuwa PS/2, lokacin tashi kawai ake nemansa. In ba a same shi a wannan lokacin ba, shi ke nan, an rufe ƙofa sai wani tashin. Kuma cusa shi kwamfuta na kunne yana iya lalata mashigar, don ba a ƙera ta don haka ba.

To ka kashe kwamfutar, amma kashewa ta gaske. Windows 10 da 11 suna da wani tsari mai suna Fast Startup, wanda in ka danna kashewa ba ya mutuwa duka, sai ya ajiye halin da yake ciki don ya tashi da sauri, kuma yana iya tashi da tsohon saninsa na cewa babu maus. Tunda ba ka da kibiya, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shutdown /s /t 0, ka buga Enter. Sannan ka zare wayar wuta daga bango, don wasu madabod suna barin wuta a mashigar ko an kashe.

Kafin ka mayar, haska cikin kan maus ɗin da fitilar waya. Allurai shida ne da ɗan harshen roba a tsakiya. Huɗu ne ke aiki: ɗaya na wuta mai volt 5, ɗaya na ƙasa, ɗaya na saƙo, ɗaya na daidaita lokaci. Ɗaya cikin huɗun nan ta lanƙwashe, magana ta ƙare. Masu murza kan suna neman rami a duhu a ƙarƙashin tebur su ne ke jawo wannan. Ana iya miƙe ta da ɗan hantsaki a hankali, amma fa sau ɗaya, in ka yi ta kai da kawowa za ta karye. Sai launi: kore na maus, shunayya na kibod. Kan iri ɗaya ne, kowanne na shiga ramin ɗan uwansa, amma a yawancin kwamfutoci ba zai yi aiki ba. In mashiga ɗaya ce rabi kore rabi shunayya, tana karɓar kowanne.

Yanzu kunna. In mai fitila ne kuma jar wutar ƙasansa ta kama, wuta na isowa, saura a duba saiti. Shiga BIOS, galibi da Del ko F2, ka kashe Fast Boot, don a wasu madabod yana tsallake neman PS/2.

In har yanzu shiru, to wataƙila Windows bai tayar da direban ba, abin da ake yawan gani a kwamfutar da aka ɗora mata Windows da maus na USB. Sunan direban i8042prt. Windows da R, rubuta regedit, ka bi da maɓallan kibiya zuwa HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\i8042prt. Danna Tab, nemo Start, in ba 1 ba ne ka mayar da shi 1, ka sake tayar da kwamfutar. Wannan layin kaɗai za ka taɓa, don Allah. Wurin nan ba na gwaje-gwaje ba ne.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne 'yar adafta. Waɗannan ƙananan koraye da ke mayar da kan USB zuwa PS/2 babu komai a cikinsu sai waya. Suna aiki ne kawai in shi maus ɗin an ƙera shi da jin yarukan biyu, kuma yawancin na yanzu USB kaɗai suke ji. Don haka ka ga an sayi adafta uku duk a banza, ana zagin mai shago.

In kuwa ka gwada maus biyu masu lafiya, babu wanda fitilarsa ta kama, to mashigar ce ta tafi, wataƙila fis ɗinta. Ni dai ban ga dalilin kai madabod wurin mai gyara saboda wannan ba, in dai USB na aiki. Nemi adafta mai guntun lantarki a ciki, wadda ke karɓar PS/2 ta fitar da USB. Galibi za ka gan ta da wutsiya biyu, kore da shunayya, da ɗan kumburi a tsakiyar wayar. Da ita kwamfuta za ta ɗauki tsohon maus ɗinka a matsayin na USB, kuma kana iya cusawa da cirewa tana kunne.