Tayar Hunturun Turai a Kan Hanyar Mahuta

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta taso daga Koko, ta ratsa Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, ta bi ta Dabai har ta faɗa Zuru, ya san cewa direba na iya haƙuri da tsohon fenti, da tsagaggen gilashi, da ƙofar da sai an ɗaure ta da igiya, amma ba shi da ikon haƙuri da mugunyar taya, domin a cikin dukkan kayan mota ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa, abin da ke taɓa ƙasar kuwa daga kowace taya ɗan fili ne wanda bai kai taƙi guda ba. A kan wannan ɗan fili ake tashi, a kansa ake shan kwana, a kansa kuma ake taka birki ranar da saniya ta faɗo titi ba zato ba tsammani. Saboda haka, ko da yake mas'alar da za mu tattauna ta samo asali ne daga ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, mai karatu zai ga cewa ƙarshenta a bakin tasharmu yake.

Mutanen arewacin Turai da Kanada suna da al'adar ajiye taya iri biyu ga mota ɗaya, ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi, suna sauya su sau biyu a shekara. Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar roba, wadda take kamar man shanu: sanyi ya daskarar da ita, zafi ya sassauta ta. Robar tayar yau da kullum takan fara taurin da zai rage mata kama ƙasa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, don haka masana suka haɗa wata roba mai taushi wadda ba ta sandarewa ko da ruwa ya zama ƙanƙara, suka zurfafa mata zane, suka kuma tsattsaga kowane haƙori nata da ƙananan tsagogi masu yawan gaske domin su riƙa cizon ƙanƙarar. Wasu ma har ƙusoshin ƙarfe ake dasa musu. Wani kamfani na ƙasar Finlan, wanda yau ake kira Nokian, shi ya fara fitar da irin wannan taya a 1934 domin manyan motoci. Daga baya hukumomi suka mayar da abin wajibi: a Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya ta yi ƙanƙara, a lardin Kebek na Kanada daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuwa duk ranar da yanayi ya ɓaci, ba tare da an ƙayyade wata ba.

Da motar lantarki ta yawaita a can, har ya zama a Nowe kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne, sai mas'alar ta ƙara tsanani ta fuska uku. Ta farko nauyi. Batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin motar kan kai kilo ɗari huɗu ko biyar, shi ya sa Tesla Model 3 irin mai ƙarfin gudu take kai wajen kilo 1,850, alhali Toyota Corolla, wadda ba ta fi ta ƙanƙanta da yawa ba, tana wajen 1,300. Ta biyu ƙarfin fizga. Injin fetur sai ya yi gurnani, an bi giya ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarfinsa ya cika. Na lantarki kuwa yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tsaye, har irin waccan Tesla takan kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa uku da 'yan kai, dukkan wannan ƙarfi kuma a kan robar taya yake sauka. Masu ƙera taya da kansu sun yi iƙirarin cewa ta fi saurin cinyewa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Ga kuma abu na uku wanda mai motar fetur bai cika damuwa da shi ba, wato kowace taya tana da nata rabon wutar da take ci wajen mirginawa, ta yadda faffaɗa mai taushi kan rage nisan da caji ɗaya zai kai mutum. Abin da masu hankalinsu suka daidaita a kai shi ne su sayi rim na biyu, ƙarami da inci ɗaya ko biyu, su ɗaura masa tayar sanyi mai kaurin gefe, su ajiye manyan rim masu ƙyalli sai rana ta dawo.

To, ina tayar sanyin nan take zuwa bayan ta yi shekara uku ko huɗu tana aiki? A nan ne labarin ya iso gare mu. Bature yakan cire ta da zarar zurfin zanenta ya sauka zuwa milimita 3 ko 4, domin daga nan ba ta ƙara amfani a ƙanƙara, alhali doka a can ta yarda tayar zafi ta kai har milimita 1.6. Ke nan ana yar da ita da sauran zane mai kyan gani. Mu kuwa, tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya rufe tasa ta Ikeja a 2008, muka koma dogaro da abin da aka shigo da shi, kuma ko da yake tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, babu kasuwar kayan mota a Arewa da ba za ka same su jibge ba, ana kiransu 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Direban da kuɗinsa bai kai na sabuwa ba yakan zagaya jibgin, ya sa yatsa yana auna zurfin zane, ya danna robar ya ji taushi, ya ɗauki wadda ta fi kowace haƙora, ya tafi yana murna ya yi tsintuwa; alal haƙiƙa kuwa siffofin nan biyu da suka ruɗe shi, zurfi da taushi, su ne alamun tayar da ba a yi ta domin ƙasarsa ba.

Hunturunmu da nasu suna kawai suka haɗa. A ƙasar Zuru, ko a tsakiyar Janairu da asuba, da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuma zafi ya haura 30; a bazara, cikin Maris da Afrilu, iska kan kai 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Robar da aka haɗa domin ta yi taushi a kan ƙanƙara, idan ta hau irin wannan kwalta, sai ta yi laushin da ya wuce kima: haƙoranta su riƙa lanƙwasa a kwana, motar ta riƙa yawo a hannun direba, nisan da take ci kafin ta tsaya bayan an taka birki ya ƙaru, zafin cikinta kuma ya riƙa taruwa, musamman idan an yi lodi fiye da ƙa'ida kamar yadda aka saba ranar kasuwa. Idan aka haɗa wannan da tsufan robar, wadda ta riga ta bushe ta fara tsattsagewa a rumbun ajiya da cikin kwantena, babu mamaki a ji ta fashe ana tsakiyar gudu. Idan wani ya ce, ai zanenta mai zurfi zai taimaka a taɓon damina, sai mu ce masa da ɗan gaskiya a maganarsa, amma ƙananan tsagoginta laka ke cike su nan da nan, tsakuwar burji kuma tana gutsurar robar mai taushi. Wanda ke bin hanyoyin ƙauye a watan Agusta, abin da ya dace da shi ita ce tayar da aka yi domin burji da kwalta duka, mai manyan haƙora da taurin gefe.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen motar lantarki tatsuniya ce a wannan yanki. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ya tsaya a kan fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri motocin haya masu batir sun riga sun shiga aiki, tun kuma da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya fara lissafi. A ganina, babur da keke mai ƙafa uku masu batir za su riga motar alfarma isowa Mahuta, amma hukuncinsu ɗaya ne, domin illar ɗaya ce: nauyi ya ƙaru, fizga ta ƙaru, taya kuwa ba ta sauya ba. Akwai kuma wani tarko, wato motar lantarkin da aka sayo ta hannu daga Kanada ko Nowe tana iya isowa sanye da tayoyin sanyinta, mai ita bai sani ba.

Maganin duk wannan karatu ne, kuma ba mai tsawo ba, domin kowace taya tana ɗauke da tarihinta a rubuce a gefenta. A fara neman hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Inda aka gan shi, ko aka ga ƙananan ramukan da aka cire ƙusoshi, to galibi domin ƙasar sanyi aka yi ta, a ajiye. Haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, don ana samunsu a kan tayoyin burji ma. Sannan a nemi haruffan DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ƙidaya shekara 4 daga wannan rana a matsayin wa'adin taya. Kamfanonin motoci da yawa suna cewa 6. Babu dai wanda ya halatta wadda ta wuce 10, ko da zanenta bai taɓu ba. Daga nan sai lamba da harafin da ke bin girman tayar, kamar 91H ko 100V. Lambar nauyi ce: 91 na ɗaukar kilo 615, 100 na ɗaukar 800. Harafin kuma iyakar gudu: T kilomita 190, H 210, V 240. Mai motar lantarki ya lizimci abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada ya sauka ƙasa da shi ko da lamba ɗaya, ya kuma fifita mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa domin nauyi.

Batun rim kuwa, a nan hikimar mutanen ƙanƙara ta dace da tamu, ko da yake sababin ya bambanta. Lamba ta biyu a girman taya tana nuna tsayin gefenta, bisa kashi cikin ɗari na faɗinta. Tayar 235/35 a kan rim mai inci 20 gefenta bai wuce milimita 82 ba. Ta 235/45 a kan inci 18 tana da 106, alhali tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan daidai yake. Tsohuwar 195/65 a kan inci 15 da ƙananan motocin haya da yawa ke sawa tana da wajen 127. Wannan tazara ita ce ke tsakanin ƙarfe da bakin rami. Motar da ta doshi tan biyu, idan ta faɗa rami da siririyar taya, gefen tayar yakan matse tsakanin rim da kwalta ya yi ƙululu, ko rim ɗin ya tsage. Na ƙarfe yakan lanƙwashe a buga shi ya miƙe, na alminiyam kuwa idan ya tsage, walda ba ta mayar da amincinsa. Samari na son manyan rim saboda ado, ni kuwa ban ga adon da ke cikin kwana a daji tsakanin Mahuta da Koko ba. Sharaɗi biyu ne kawai ga mai son ragewa: ramukan noti su yi daidai da na motar, domin na Toyota da Honda da Hyundai sau da yawa sukan zo ɗaya amma na Volkswagen da Marsandi dabam ne, kuma rim ɗin ya bar wa birki fili, don motoci masu ƙarfin gudu birkinsu manya ne.

Saura iska. Mai faci yakan buga taya da ƙarfe ya saurara, ko ya cika ta har ta yi tauri don a ce ya yi aiki. Abin da ya kamata shi ne a auna da ma'auni, da safe kafin a yi tafiya, a bi adadin da ke jikin ƙofa, kuma kada a sace iskar tayar da ta yi zafi a hanya, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, ƙarancin iska kuwa shi ne babban abin da ke dafa taya har ta fashe. A sani kuma yawancin motocin lantarki ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi waɗanda ba sa maganin yagewar gefe, don haka sayen safaya da jak mai iya ɗaukar nauyin motar yana gaba da sayen kowane kayan ado. A nuna wa mai faci inda ake kafa jak ɗin, don kada ya kafa shi a jikin batir.

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure, sun bayyana haramcin algus da ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Kiyaye rai kuwa yana cikin manyan maslahohi biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Dillalin da ya san tayar ta ƙanƙara ce, ko ya goge kwanan watanta, ya shafe ta da baƙin mai ya sayar wa mai ɗaukar fasinja, bai tsaya ga cin dukiyar mutum ɗaya ba. Da yawansu dai jahilcin abin ne ke damunsu, ba mugunta ba, wannan kuwa yana da magani. Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Mahuta da Zuru da Koko, da jami'an kiyaye haɗurra, su tara direbobi da masu faci da 'yan taya, a kawo taya guda a ajiye a tsakiya, a nuna wa kowa hoton dutsen nan da lambobin nan huɗu, tun kafin bazara ta shigo.