Bagudo: Muhimmancin sanar da maƙwabta kafin neman izinin gini

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, mai son gina gida ko kafa injin casar shinkafa yana da ƙofofi biyu da zai ƙwanƙwasa: ta hukuma da ta maƙwabcinsa.

Ta biyun ce aka fi mantawa da ita, kuma daga nan ne wasu rigingimun fili kan samo asali.

Abin da doka ta tanada

Dokar amfani da filaye ta 1978 dai ta damƙa ƙasar kowace jiha ne a hannun gwamna. Shi ke ba da filayen birane, yayin da ƙananan hukumomi ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har zuwa hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo.

Sai dai dokar ba ta wajabta wa mai neman fili ya sanar da waɗanda ke iyaka da shi ba.

Inda aka tilasta jin ta bakin jama'a shi ne manyan ayyuka, waɗanda wata doka ta 1992 ta ce sai an baje rahoton tasirinsu ga muhalli domin mai ƙorafi ya gabatar.

Rawar masu unguwanni

Wannan giɓi ne al'ada ke cikewa. Akan je wurin mai unguwa ko dagaci, a kira masu gonaki ko gidajen da ke kewaye, a taka iyaka a gaban shaidu.

Lamarin ya fi tsanani a fadamun bakin kogin Neja, inda ambaliya kan share alamomin iyaka, da kuma wuraren da burtali ya ratsa. Katanga guda da ta toshe hanyar ruwa ko hanyar shanu zuwa mashaya na iya haddasa shari'ar shekaru, ko ma zubar da jini.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na arewacin Najeriya ke bi, maƙwabci ba shi da haƙƙin a fara yi masa tayin fili idan za a sayar, domin wannan haƙƙi na abokin tarayya ne. Amma yana da ikon kai ƙara kan ginin da zai cutar da shi, kamar tagar da ke leƙa tsakar gidansa, ko hayaƙi, ko kwata.

A tsallaken iyaka

A Benin kuwa, inda garin Segbana ke fuskantar Tsamiya ta ɓangaren Bagudo, sanar da maƙwabta na cikin doka. Kundin dokokin filaye na 2013 ya tanadi a bayyana buƙatar mai neman takardar mallaka ga jama'a, sannan a gayyaci masu iyaka da filin ranar kafa turaku, domin mai ja ya yi magana.

Ke nan abin da ake yi a Segbana bisa umarnin doka, a Bagudo ya rataya ne a wuyan mai ginin kansa. Idan ya yi sakaci, takardar hukuma ba za ta hana maƙwabcinsa maka shi kotu ba, bayan ya riga ya kashe kuɗin bulo da siminti.