Daga Kwatarkwashi Zuwa Kerang: Duwatsun da Suka Taɓa Aman Wuta

Idan malamin labarin ƙasa ya zana dutse mai aman wuta a allo, hankalin yawancinmu kan tafi Japan ko Italiya. Ɗalibi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi zai haddace zanen, ya zuba shi a jarrabawar WAEC ko NECO, ya ci makinsa, alhali bai san cewa akwai irin waɗannan duwatsu a nan Najeriya ba. Suna nan a tudun Jos, tafiyar wuni ɗaya a mota daga garuruwanmu. Wutarsu ta mutu tun da daɗewa, amma ta bar sawu: tsaunuka masu siffar ƙoƙo a kife, tafki a cikin bakin dutse, da baƙar ƙasa mai albarkar noma.

A wannan makon can za mu leƙa. Amma daga gida za mu tashi, domin kowane dutse yana ɗauke da labarin yadda ya samu, kuma wanda ya iya karanta na bayan makarantarsu ba zai sha wahalar karanta na Jos ba.

Dutsen gida

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya ga dutsen Kwatarkwashi a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ƙato, sumul, ya yi wa garin rumfa. Ƙananan 'yan uwansa, da falalen duwatsun da ake shanya hatsi a kansu, suna warwatse a ƙasar Ƙaura da Zurmi. Akwai ma tsohon gari mai suna Dutsi a ƙasar Zurmi, wanda tarihin baka ya ce nan ne mazaunin sarakunan Zamfara na farko.

Ku ɗauki ɓallin irin wannan dutse ku duba da kyau. Za ku ga ƙwayoyi kamar an cuɗa gishiri da barkono: wasu farare masu ƙyalli kamar gilashi, wasu ja-ja, wasu baƙaƙe. Masana na kiransa giranayit. Asalinsa narkakken dutse ne, amma bai taɓa fitowa sarari ba. Can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, cikin dubban shekaru, shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami damar girma har ido yake ganinsu. Masana kimiyya sun ƙiyasta cewa hakan ya faru kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Daga baya ruwa da iska suka yi ta cin ƙasar da ta lulluɓe shi har ya bayyana.

Ina ƙasar da aka cinye ta tafi? Ku tambayi gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura, da na Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi. Su ne ke kwasar yashi da laka su gangara da su wajen Shinkafi, su zuba a fadama kafin su shige gulbin Rima. Shinkafar da albasar da ake kaiwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, a kan garin tsofaffin duwatsu suka tsiro.

Hawa tudun Jos

Daga Ƙaura, hanyar ita ce Gusau, Funtuwa, Zariya, Pambeguwa, Saminaka, sai Jos. Tun kafin a isa, mota za ta fara nishi saboda hawa, iska kuma ta sauya. Garuruwanmu ba su kai tsayin mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Ku yi lissafin da kanku, za ku gane dalilin da ya sa mutumin Jos ke neman rigar sanyi a daren da mu muke kwana a tsakar gida.

A gabashin birnin akwai tsaunukan Shere, inda ƙololuwa mafi tsayi ta kai kimanin mita 1,829. A gindinsu ne cibiyar horar da matasa ta 'yan Man O' War take, inda ake koyar da hawan dutse da juriya. Duwatsun Shere su ma giranayit ne, sai dai yara ne idan aka gwada su da namu, don shekarunsu ba su kai miliyan 200 ba. Saiwoyi ne na manyan duwatsu masu aman wuta na wancan zamani, waɗanda zaizaya ta share samansu. A cikin irinsu kuza take, wadda ta jawo kamfanonin Turawa a farkon ƙarni na 20, ta kuma jawo dubban leburori daga ƙasar Hausa. Duwatsun Riruwai da ke kudancin Jihar Kano 'yan gida ɗaya ne da su, can ma an haƙi kuza.

Wurare huɗu da wuta ta bar sawu

Na farko shi ne Kerang, a Ƙaramar Hukumar Mangu. A wannan yanki, daga Panyam zuwa Kerang, tsaunuka masu siffar ƙoƙo sun jeru. A nan narkakken dutsen ya fito fili, da zafin da ya wuce digiri 1,000. Abin da ke tunkuɗo shi iska ce da ke narke a cikinsa. Ku tuna abin da ke faruwa idan aka jijjiga kwalbar lemo aka buɗe. Gutsattsarin da ya yi tsartuwa sama ya dawo ya taru a gefen ramin, shi ne ya gina ƙoƙon. Wanda ya malala ya huce da sauri a sararin iska, ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalt. Ƙwayoyinsa ba su sami lokacin girma ba, ido ba ya rarrabe su. Wani ma za ku gan shi da ƙananan huji kamar soso, wuraren da iska ta tsere ke nan. Waɗannan tsaunuka su ne autan duwatsun yankin, shekarunsu ba su wuce miliyan ɗaya zuwa biyu ba.

Na biyu shi ne tafkin Pidong, kusa da Ampang ta Yamma, duk a Mangu. Sai an hau tsaunin sannan a ga ruwan kwance a cikin bakin dutsen, inda a da wuta ke fita. Akwai ɗan uwansa a tudun Biu na Jihar Borno, tafkin Tila.

Na uku shi ne Kahwang, a Ƙaramar Hukumar Riyom, inda baƙin dutse ya tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida, kamar magini ne ya jera su. Yaron da ya taɓa ganin lakar fadama ta bushe ta dare a watan Maris ya riga ya san sirrin. Laka na tsukewa idan ta bushe, narkakken dutse na tsukewa idan ya huce, tsagar kuma iri ɗaya ce.

Na huɗu shi ne dutsen Wase, bayan an gangara daga tudun ta kudu maso gabas. Ya miƙe tsaye shi kaɗai a fili, wajen mita 300. Wannan maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya daskare a cikin bututun da yake bi ya fito, ya toshe shi. Jikin tsaunin, da yake ya fi laushi, ya zaizaye, toshiyar ta rage. Tsuntsayen kwasa-kwasa na yin sheƙa a samansa, inda da wuya mutum ya kai musu.

Alheri da haɗari

Baƙin dutse idan ya ruɓe yakan bar ƙasa mai ƙarfi. Wannan ƙasa da sanyin wurin su suka sa Mangu, Bokkos da Barikin Ladi suka yi suna wajen noman dankalin Turawa. Huji da tsagar dutsen kuma suna riƙe ruwan sama su tace shi, ya ɓulɓulo a matsayin marmaro. Ruwan gora na Swan daga marmaron Kerang ake ɗurawa. Kogin Kaduna da na Gongola duk daga wannan tudu suka faro.

Sai dai wurin da ya yi kyau a ido ba lalle ne ya zama wurin wasa ba. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda shi ma a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, ya saki iskar kabon mai yawa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta gangara cikin kwari, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi masu yawa. A Jos, kududdufan da haƙar kuza ta bari su ma suna cin rayuka. Ruwansu a kwance yake kamar ba komai, amma suna da zurfi, gefensu kuma a tsaye yake, babu wurin dafawa.

Mu ma a Zamfara dutse ya taɓa sa mu kuka. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 sun rasu saboda gubar dalma. Dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta shiga abinci da hannuwan yara. Saboda haka duk mai sha'awar tara duwatsu ya kiyaye: kada ya ɗauko daga ramin haƙar ma'adinai, kada ya daka, kada ya kai baki, kuma ya wanke hannu da sabulu.

To, a wannan hali fa?

Ba za mu ɓoye abin da kowa ya sani ba. Hanyoyin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi suna fama da 'yan bindiga, dazuzzuka da duwatsun da iyayenmu suka yi kiwo da farauta a cikinsu sun zama wuraren da ake gudu. Mangu, Bokkos da Riyom su ma sun sha fama da rikici a shekarun nan. Kada wani ɗalibi ya karanta wannan shafi ya ja abokansa su nufi daji. Tafiya irin wannan aikin makaranta ce, da izinin iyaye a rubuce, da shawarar jami'an tsaro, da ɗan jagora daga mutanen wurin. Idan aka ce a dakata, a dakata.

Amma akwai asarar da ya kamata mu yi tsoro: a tashi tsara guda da ba ta san ƙasarta ba sai a allo. Maganinta bai buƙatar kuɗin mota. Ku nemi malamin labarin ƙasa ya jagoranci ƙungiya. Ku tattara duwatsu daga cikin gari: tsakuwar da ake zuba wa kankare, ɓallin tsohon dutsen niƙa, jar marmara, yashin gulbi da masu gini suka sauke. Kowanne a liƙa masa takarda mai ɗauke da wurin da aka samo shi da kwanan wata. Ku yi masa tambaya uku. Ana ganin ƙwayoyinsa? Yana da huji ko shimfiɗa-shimfiɗa? Tsakuwarsa mai kaifi ce ko ruwa ya goge ta ta yi sumul? Amsoshin za su gaya muku ko a zurfin ƙasa ya huce, ko ruwa ne ya ɗauko shi daga nesa.

Idan da mai ɗan uwa direba ko ɗan kasuwa da ke zuwa Jos sayo dankali, a roƙe shi ya taho da baƙin dutse ɗaya. Ku ajiye shi kusa da na gida ku gwada launi, nauyi da girman ƙwaya. Mai waya kuma ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ya nemo Kerang, zai ga bakin tsaunukan a zagaye kamar an kifa faifai.

Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya motar makaranta ta tashi, a tafi da takalmi mai riƙe ƙasa, da ruwan sha, da rigar sanyi, da littafi da fensir. A fara hawa da sassafe, a sauko kafin la'asar, kada a hau falalen dutse bayan ruwan sama, kada a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba, kuma kada a rubuta suna a jikin dutse. Kafin wannan rana, ku aiko mana da hoto ko bayanin duwatsun da ƙungiyarku ta tara, tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.